Gini Na Tsaye, Farashinsa Na Yawo: Binciken Kadarori a Rahoton Kuɗi

A watan Afrilun 2018 kamfanin Steinhoff, wanda ya samo asali a Jamus kuma ya bunƙasa a Afirka ta Kudu da cinikin kayan ɗaki, ya sanar da cewa gine-ginensa na Turai da ke ƙarƙashin reshensa na Hemisphere ba su kai kuɗin da aka rubuta musu ba. A littafi Yuro biliyan 2.2 ne. Da aka ɗauko kamfanin CBRE ya sake kimanta su, sai aka tashi da kusan Yuro biliyan 1.1. Babu gobara, babu ambaliya, ko bulo ɗaya bai faɗo ba, amma rabin dukiyar ya bi iska. Wata huɗu kafin nan, a Disambar 2017, masu binciken asusun kamfanin, wato Deloitte, sun ƙi sa hannu a rahoton shekara, shugabansa Markus Jooste ya ajiye aiki, hannun jarin kuma ya zube da sama da kashi 80 cikin 100 a 'yan kwanaki.

Kuɗin da ke banki ana iya tabbatar da shi da wasiƙa ɗaya. Bashin da ake bin kamfani ma haka. Amma adadin da aka rubuta a gaban gini ko inji ƙiyasi ne, kuma kowane ƙiyasi yana tsaye ne a kan wani ɗan ƙaramin adadi da ke can cikin shafukan bayani na bayan rahoto: kashi nawa cikin ɗari, ko shekara nawa. A kan wannan ɗan adadin ne ya kamata odita ya ja daga, domin shi ke ɗaga biliyoyi ya sauke su.

Gini ɗaya, ƙa'ida biyu

Tun daga 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suke bin ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, IFRS, a ƙarƙashin kulawar hukumar FRC da dokar 2011 ta kafa. Waɗannan ƙa'idoji sun raba gine-gine gida biyu. Ginin da kamfani yake aikinsa a ciki, da injinansa da motocinsa da janaretocinsa, suna ƙarƙashin IAS 16. Ginin da aka ajiye don karɓar haya ko don jiran tsadarsa yana ƙarƙashin IAS 40, kuma shi ne kadarar zuba jari.

Bambancin ya wuce na suna. Kadarar aiki ana yanke wani kaso na kuɗinta kowace shekara saboda tsufa, a cire shi daga riba. In an sake kimanta ta aka ga ta ƙara daraja, ƙarin yana tafiya asusun ajiya ne, ba ya taɓa ribar shekara. Kadarar zuba jari kuwa, in kamfani ya zaɓi ya riƙa rubuta ta da farashin kasuwa, babu ragin tsufa a kanta ko kaɗan, kuma duk ƙarin da aka samu kai tsaye yake shiga lissafin riba. Saboda haka bene guda mai ƙarin daraja na naira miliyan 400 zai iya barin ribar kamfani yadda take, ko ya ƙara mata miliyan 400, gwargwadon gidan da aka saka shi.

Shi ya sa tambayar farko ta odita ita ce: wa ke cikin ginin? In kamfani ya mamaye hawa uku cikin biyar da ofisoshinsa, kuma ba za a iya sayar da sauran biyun daban ba, to ba kadarar zuba jari ba ce. Otal ɗin da mai shi ke gudanarwa da kansa ma kadarar aiki ce. Ginin da uwar kamfani ta ba reshenta haya kadarar zuba jari ce a littafin uwar ita kaɗai, amma in aka haɗa lissafin rukunin gaba ɗaya sai ya koma kadarar aiki, tunda mutum ba ya karɓar haya a hannun kansa. Duk shekarar da kamfani ya ɗauke gini daga wannan gida ya kai wancan, musamman shekarar da ciniki ya yi rauni, ya kamata a nemi shaidar cewa amfanin ginin ne ya canja da gaske. Ƙa'idar ba ta karɓar canjin niyyar shugabanni a matsayin hujja.

Plaza mai shago 60

A ɗauka wani kamfani yana da plaza a kan babban titi a Kano, mai shago 60, kowane shago ana neman naira miliyan 2.5 a shekara. Mai kimantawa ya haɗa hayar, ta ba shi miliyan 150. Ya ce masu sayen irin wannan gini suna neman haya ta dawo musu da kashi 8 cikin 100 na jarinsu a shekara. Sai ya raba miliyan 150 da kashi 8, ya rubuta naira biliyan 1.875, ya buga hatimi.

Lissafin bai yi kuskure ba. Abin da aka zuba a cikinsa ne abin dubawa. Odita ya karɓi yarjejeniyoyin haya, ya kwatanta da takardun banki, sannan ya je ya taka benen da ƙafarsa. A hawa na sama ya tarar da shago 8 a garƙame, kwaɗunan sun yi ƙura, takardar neman mai haya ta koɗe a jikin ƙofa. Shago 52 ne ke kawo kuɗi, wato miliyan 130. Daga nan sai a cire abin da mai gini ke kashewa: masu gadi, kwashe shara, man janareta na farfajiya, gyaran rufi bayan damina, harajin ƙasa, inshora, ladan wakilin haya. A ce miliyan 30. Saura miliyan 100. A raba shi da kashi 8 ɗin nan dai, ginin ya dawo biliyan 1.25. Miliyan 625 sun fita, kuma ba a taɓa kason ba tukuna.

Yanzu kason. Daga ina kashi 8 ya fito? A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa na tushe kashi 27.5, kuma takardun lamunin gwamnati na shekara ɗaya sun biya sama da kashi 20 a wannan shekarar. Mai kuɗin da zai samu haka ba tare da rigimar ɗan haya ko yoyon rufi ba, me zai sa ya yarda da kashi 8? Akwai amsa mai ma'ana: haya tana hawa tare da tsadar rayuwa, ƙasa kuma tana ƙara daraja, takardar lamuni kuwa ba ta yin ko ɗaya. Na yarda da wannan amsa, amma sai an kawo ta da shaida, wato gine-gine makamantansa da aka sayar kwanan nan, da farashinsu da hayarsu. In shaidar ta nuna kashi 10, ginin biliyan 1 ne. In ta nuna 7.5, biliyan 1.33 ne. Tsakanin adadin farko da mafi ƙanƙanta akwai miliyan 875, a kan gini ɗaya, a rana ɗaya.

A nan wahalar ƙasarmu take. Cinikin gida ba a bayyana farashinsa na gaskiya. Abin da aka rubuta a takardar ciniki sau da yawa an rage shi saboda haraji, abin da dillali ke faɗa a baki kuma an ƙara shi saboda la'ada. Farashin da mai gida ya sa wa gidansa ba shi ne farashin kasuwa ba, sai wanda aka taya aka sallama aka biya. Mai kimantawar da ya gina rahotonsa a kan tallace-tallacen gidajen da ba a sayar ba yana cinikin biri a sama ne, kuma in odita ya karɓa a hannunsa ya zama abokin cinikin.

Ƙa'idar IFRS 13, wadda ta fara aiki a 2013, ta raba ƙiyasin farashi hawa uku. Hawa na 1 farashi ne da kowa ke gani a kasuwa, kamar na hannun jari. Hawa na 3 shi ne wanda ya dogara da alƙaluman da ba a gani a kasuwa, sai dai a hasaso su. Kusan duk gine-gine a hawa na 3 suke, kuma ƙa'idar ta wajabta a bayyana alƙaluman da aka dogara da su. Rahoton da ya ce kawai "ƙwararru sun kimanta" ba tare da faɗin kason ba ya ɓoye abin da ya fi komai muhimmanci.

Kada a ɗauka ko'ina aka ga faɗuwa akwai zamba. Daga Yulin 2022 zuwa Satumbar 2023 Babban Bankin Turai ya ɗaga ruwan ajiyarsa daga ƙasa da sifili, wato -0.5, zuwa kashi 4. Kamfanin Vonovia, wanda ya fi kowa gidajen haya a Jamus, da gidaje sama da 500,000, ya bayyana hasarar kusan Yuro biliyan 6.8 a 2023, alhali gidajen a cike suke kuma haya na shigowa. Kason da masu saye ke nema ne ya tashi, darajar littafi ta sauka. Wannan rahoto ne da ya bi kasuwa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne kamfanin da ruwa ya yi tashin gwauron zabo a ƙasarsa amma kasonsa bai motsa ba shekara biyar.

Hatimin mai kimantawa ba ya sauke wa odita nauyi. IAS 40 ta ƙarfafa a ɗauki mai kimantawa mai zaman kansa, ba ta tilasta ba, sai dai dole a faɗi ko an yi hakan. A Najeriya ana ganin sunansa da lambar rajistarsa ta FRC a cikin rahoto, kuma ana sa ran yana da rajistar hukumar masu kimanta kadarori, ESVARBON. Wannan ya nuna yana da izinin aiki ne kawai. Ƙa'idojin bincike, musamman ISA 540 da aka sabunta ta fara aiki daga Disambar 2019, suna buƙatar odita ya gwada hanyar lissafin da alƙaluman da aka zuba, ya kuma lura ko duk hasashen ya karkata ɓangare ɗaya. Akwai tambayoyin da ba sa buƙatar ilimin gini: wa ya ba mai kimantawar jerin hayar, kuma ya tantance shi? Ladansa tsayayye ne, ko yana hawa da adadin da ya rubuta? Shi ne kuma wakilin hayar ginin? Ginin da kamfanin ya sayar bara, nawa aka kimanta shi kafin sayarwa, nawa aka biya? Wannan ta ƙarshe ita ce na fi amincewa da ita, don kasuwa ce da kanta ke yi wa mai kimantawa maki.

Mai hannun jari kuma ya tuna cewa ƙarin daraja ba kuɗi ba ne a hannu. Kamfanin da ya ce ya ci ribar biliyan 2, alhali biliyan 1.6 daga sake kimanta gini ne, miliyan 400 kawai ya samu daga sana'arsa. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta taƙaita rabon riba ga ribar da ta tabbata. Don haka a kwatanta shafin riba da shafin shigar tsabar kuɗi kafin a yi murna.

Shekara nawa tirela take yi?

A ɓangaren kadarorin aiki, ɗan ƙaramin adadin shi ne shekaru. A ce kamfanin sufuri ya sayi tirela naira miliyan 90. In aka ce shekara 6 za ta yi, ragin tsufanta miliyan 15 ne a shekara. In aka ce shekara 10, kuma za a sayar da ita miliyan 20 a ƙarshe, ragin ya koma miliyan 7. Ga mai tirela 200, biliyan 3 ya koma biliyan 1.4. Riba ta ƙaru da biliyan 1.6 ba tare da an ɗauki ƙarin lodi ko ɗaya daga Legas zuwa Kano ba.

Wannan shi ne abin da kamfanin kwashe shara na Waste Management ya yi a Amurka. Daga 1992 zuwa 1997 ya riƙa tsawaita shekarun motocinsa yana kumbura kuɗin da za a sayar da su in sun tsufa. A 1998 aka gyara lissafin, ribar dala biliyan 1.7 ta goge. Abin da ya fi ciwo shi ne masu binciken, Arthur Andersen, sun ga matsalar, sun rubuta gyare-gyaren da ya kamata a yi, shugabanni suka ƙi, su kuma suka sa hannu. A 2001 hukumar SEC ta Amurka ta ci su tarar dala miliyan 7.

Canja shekaru a kansa halal ne, har ma IAS 16 ta ce a sake duba su aƙalla sau ɗaya a shekara. Microsoft ya mayar da shekarun manyan kwamfutocinsa daga 4 zuwa 6 a shekarar kuɗinsa ta 2023, ya kuma faɗi a fili cewa hakan zai ƙara masa ribar aiki ta kusan dala biliyan 3.7. Alphabet, mamallakin Google, ya yi irin wannan a 2023, ragin tsufansa ya sauka da dala biliyan 3.9. Sun faɗi dalili, sun faɗi adadi, mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Odita yana da hanya mai sauƙi ta gwada da'awar: ya duba tarihin abin da aka sayar. In kowace shekara kamfani na yin hasara a kan tsofaffin motocin da ya sayar, shekarun sun yi yawa. In kuma rajista cike take da injinan da darajarsu ta koma sifili amma suna nan suna aiki, shekarun sun yi kaɗan.

Hanya ta biyu ta kumbura kadara ita ce a ɗauki kashe-kashen yau da kullum a rubuta su a matsayin kadara. A Yunin 2002 Cynthia Cooper da ma'aikatanta na sashen binciken cikin gida a kamfanin sadarwa na WorldCom suka gano dala biliyan 3.8 na kuɗin hayar layukan waya da aka mayar kayan aiki, don a raba su a kan shekaru maimakon a cire su daga ribar shekarar. Daga baya jimillar ta kai kusan biliyan 11, shugaban kamfanin Bernard Ebbers kuma aka yanke masa shekara 25 a 2005. A kamfanoninmu wurin da irin wannan ke fakewa shi ne asusun ayyukan da ba a kammala ba, saboda ba a fara ragin tsufa a kansa sai kadarar ta shirya aiki. Fenti, canjin taya, albashin ofis, duk suna iya kwanciya a nan. Aikin da ya shekara huɗu yana "kan hanya" ɗayan biyu ne: ko an gama shi ana amfani da shi ba a faɗa ba, ko an yi watsi da shi kuma ya kamata a karya darajarsa bisa IAS 36.

Sai batun ko kayan na nan. Gani ya kori ji. Ana gwadawa ta fuska biyu: a zaɓi kaya daga rajista a je a nemo su a fili, sannan a zaɓi kaya a fili a koma a nemo su a rajista. A duba lambar inji da ta shasi, don tirelar da ke kan duwatsu a bayan gareji, an kwashe giyarta an gyara wata, tana iya kasancewa a rajista da cikakken kuɗinta.

Faɗuwar naira ta kawo matsala ta ɗaya gefen. A Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A ƙarshen 2024 tana kusan 1,535. Injin dala miliyan 1 da aka shigo da shi kafin Yunin 2023 yana littafi a miliyan 460, ragin tsufansa na shekara 10 miliyan 46 ne. Maye gurbinsa a ƙarshen 2024 biliyan 1.535 ne, wato miliyan 153.5 a shekara. Ƙa'ida ba ta karye ba, odita ba shi da abin ƙi, amma ribar da ake gani ta fi ta gaskiya da miliyan 107.5 a kan inji ɗaya, kuma in aka rabe ta duka babu abin sayen sabo. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, amma a farkon 2025 FRC ta ce ba za a yi amfani da ƙa'idar IAS 29 ta ƙasashe masu matsanancin hauhawa ba. Ke nan gyaran ya rage ga mai karatu.

Takardar

Duk lissafin da ya gabata ya ɗauka ginin na kamfanin ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da shi ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Kamfanoni da yawa sun biya kuɗin gini, sun shiga, suna karɓar haya, amma takardar shaidar mallaka tana ɗauke da sunan wanda ya sayar, ko na wani darakta da ya rasu magadansa suna nan. Wanda ya saba karanta rahotannin kamfanonin inshora ya san layin da ke cewa ana kan kammala takardu, kuma yakan dawo a rahoton shekara mai zuwa ba tare da canjin kalma ba.

Hotunan takardu ba su isa ba. Odita ya ga ainihin takardar, in kuma an ce tana banki to ginin jingina ne, dole a bayyana hakan a samu tabbaci daga bankin. Ya sa a yi bincike a ma'ajiyar filaye, AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, don a ga sunan da ke kai da bashin da ke rataye. Ya tambayi lauyoyin kamfanin ko akwai shari'a. Ya nemi rasit ɗin harajin ƙasa, wanda kuɗinsa ƙalilan ne in aka kwatanta da ginin: a Maris 2025 hukumar Babban Birnin Tarayya ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda an haura shekara 10 ba a biya shi ba. Rushe-rushen da aka yi a Kano a Yunin 2023, a Filin Idi da wurin tsohon otal ɗin Daula, sun nuna wani haɗarin: ko wane ɓangare mutum ya ga ya fi gaskiya, ginin da ke kan filin da ake jayayya a kan yadda aka raba shi ba zai yi daraja ɗaya da wanda takardarsa ba ta da ƙura ba, kuma mai kimantawa yakan rubuta a ƙasan rahotonsa cewa ya ɗauka takardun lafiya suke, bai bincika ba.

Tun daga rahotannin 2016, ƙa'idar ISA 701 ta sa masu binciken kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su rubuta batutuwan da suka fi cin hankalinsu a aikin, da abin da suka yi a kai. Idan gine-gine sun kai kashi 30 ko 40 cikin 100 na dukiyar kamfani kuma ba su bayyana a wannan sashe ba, ko sun bayyana amma babu maganar kaso, babu maganar takarda, mai hannun jari yana da damar miƙewa a babban taron shekara ya tambayi odita kai tsaye: kason nawa aka yi amfani da shi, nawa ne na bara, kuma gine-gine nawa ne har yanzu ba su koma sunan kamfanin ba.